Daga gyaran firinta zuwa ɗakin saba, labarina

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin, sai in fara in goge, saboda akwai wuraren da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Abin da ya sa na daure shi ne ƙannenmu da nake gani a ofisoshi da santocin jarabawa suna aikin IT sapot, wato gyara wa ma'aikata matsalolin kwamfuta na yau da kullum, shekara da shekaru, sun iya aiki, ga haƙuri, amma sun tsaya cak wuri ɗaya har sun fara tunanin ko ƙwaƙwalwarsu ce ba ta ja. Ni ma na zauna a wannan wurin, kuma na san ɗacinsa.

A cikin birnin Kano aka haife ni, ni ne babba a ɗakinmu. Babana tela ne, kekensa ya ciyar da mu ya sa mu makaranta. Kwamfuta a kafe na fara taɓa ta, wani kafe a unguwarmu da nake zuwa ina share musu ina goge teburi don kawai a barni in zauna in babu kwastoma. A nan na koyi fomatin, da sa Windows, da cire bairos daga filash, da matse kan kebul. Da na gama sakandare na yi difloma a fannin kwamfuta a poly, sai aka yi sa'a a 2015 JAMB ta mayar da jarabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, santoci suka buɗe ko'ina ana neman yara masu iya jera kwamfutoci da haɗa netwok. Na yi aiki a ɗaya, daga nan wani bawan Allah ya kai ni wani kamfani mai rassa a jihohi, aka ɗauke ni IT sapot. Ranar da na kawo takardar gida Umma har kuka ta yi, Baba kuma ya ɗinka min sabuwar shadda da hannunsa.

Shekarun farko na ji daɗin aikin wallahi. Firinta ta cije takarda a kira ni, wani ya manta fasawod a kira ni, Outlook ya ƙi buɗewa, mos ba ya tafiya, Excel ɗin akanta ya daskare, duk ni ne. Ana ce min injiniya, ina jin kaina. Amma sannu a hankali abin ya fara canza launi. Sai a kira ni in saita dikodar ofishin manaja, a kira ni in duba wayar madam WhatsApp ya ƙi, a kira ni in ɗauko kujeru za a yi mitin tunda ai ni ne yaro. Albashi kuma yana nan inda yake. Waɗanda muka shigo tare a ɓangaren kuɗi sun zama ogogi, ni kuma ina nan da sukundireba a aljihu ina hawa bene ina sauka.

Akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda, ƙofar ƙarfe, AC na aiki dare da rana. Ɗakin saba kenan, wato inda ake ajiye manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan kamfani, waɗanda sauran kwamfutocin ofis suka dogara da su. Makullin yana wajen ogan IT, shi kaɗai, in kuma babban abu ya taso sai a ɗauko wani ƙwararre daga Legas. Ni iyakata in riƙe musu tocila ko in miƙa kebul. In na yi tambaya sai a ce bari sai an nutsu, kuma ba a taɓa nutsuwa ba.

Abin da ya buɗe min ido a watan Mayun 2017 ya faru, lokacin WannaCry. Ga wanda bai sani ba, wani bairos ne da yake kulle duk fayilolin kwamfuta ya ce sai ka biya dala 300 ta bitcoin, ya shiga ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya. Abin haushin ma Microsoft ta riga ta fitar da facin toshe ramin da bairos ɗin ke bi ya shiga Windows tun watan Maris, mutane ne ba su sa ba. To in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, aka ce in bi kwamfutocin ofis ɗaya bayan ɗaya in sa facin. Na ɗauki filash ina bi tebur tebur, wannan ya ce yana aiki in dawo anjima, wannan ya kulle ofis ya tafi, har dare nake kaiwa ƙafafuna kamar ba nawa ba, kuma ko rabi ban yi ba balle a zo maganar rassa. Sai mutumin Legas ya zo. Ya zauna a kujera da laftof ɗinsa, ya shiga saba, ya saita wani abu da ake kira WSUS, ya tura umarni ta Group Policy, kafin la'asar kwamfutocin da suka rage suna ta jan facin da kansu, har yana nuna min a allo waɗanda suka karɓa da waɗanda suke kashe. Na tsaya a bayansa na kasa magana. Na ce yallaɓai don Allah me ake kiran wannan aikin naku? Ya ce sistem admin. Ya ce kai kana gyara kwamfutar da ta lalace a gabanka, ni kuma aikina in tsara yadda dukansu za su zauna lafiya ko ba na nan.

A daren ban yi barcin kirki ba. Ba hassada ba ce, wani irin baƙin ciki ne, na gane ashe abin da nake taƙama da shi bakin ƙofa ne kawai.

A 2018 na ga tallar aikin ƙaramin sistem admin a Abuja, na tura takardu aka kira ni. Na ci bashin kuɗin mota na tafi da ƙarfin gwiwa, ina ganin ai shekarun da na yi suna magana. Mutum uku ne a teburin, kuma ba su wulaƙanta ni ba ko kaɗan. Ɗaya ya ce in sabar da ke riƙe da Active Directory, wato rajistar sunayen ma'aikata da fasawod ɗinsu, ta mutu cikin dare me zan fara yi. Ɗaya ya juyo min laftof, baƙin allo ba komai sai ɗan layi yana ƙiftawa, ya ce wannan Linux ne, nuna min fayilolin da suka cinye diskin. Na kalli allon nan, yatsuna a kan madannai, ban san ko harafi ɗaya da zan danna ba. Ta ukun mace ce, ta ce min a hankali, malam kana da ladabi kuma ka san mutane, amma wannan aikin ba za mu iya ba ka shi yanzu ba. Na hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa na haɗa kai da taga, daga Kaduna na shiga motar Kano. Da na iso gida Baba yana kan keke, ya ɗago ya kalle ni kawai ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, je ka ci abinci. Bai tambaye ni komai ba, kuma wannan shirun nasa ya fi min komai ciwo da daɗi a lokaci guda.

Na ƙudurta zan tara kuɗi in shiga ajin CCNA, satifiket ɗin sanin aikin netwok, in zana jarabawar. Na shiga adashi a ofis, na daina cin abincin rana a waje. Ana gab da kwasata ta zo, a 2019, Baba ya faɗi a shago, hawan jini, ɓarin jikinsa ya shanye. Kuɗin adashin nan duk a asibiti da magani da gashin ƙashi suka tafi, kuma wallahi ban taɓa jin nadamar ko kwabo ba, amma gaskiya a lokacin na fidda rai. Ga kuɗin makarantar ƙanne ya dawo kaina, ga maganar aurena da aka riga aka sa rana sai ɗagawa aka yi, dangin yarinyar suka yi ta haƙuri har abin ya fara ba ni kunya. Ina zuwa ofis kamar gawa. In aka kira ni firinta sai in ji kamar in fashe da kuka. Akwai lokacin da na yi shawarar ajiye aikin gaba ɗaya in nemi teburi a Farm Centre in koma gyaran waya, don a can ko ba komai kullum kana ganin kuɗi a hannu, kuma ba na raina sana'ar, abokaina da yawa da ita suka yi gida suka yi aure.

Umma ce ta hana ni. Na faɗa mata da daddare muna zaune a tsakar gida, ta ce abin da kake son koya ɗin nan dole sai a aji ake koyonsa? Na ce a'a Umma, amma sai da kayan aiki. Ta ce nawa ne kayan? Washegari ta miƙo min kuɗin da ta sayar da tunkiyarta. Na ce Umma ku bari, ta ce karɓi, ba kyauta na ba ka ba, jari na zuba.

Da kuɗin na je Beirut Road na sayo tsohuwar Dell ta hannu, na ƙara mata RAM zuwa giga 8. Na sa VirtualBox, manhaja ce ta kyauta da take ba ka damar gina kwamfutoci da yawa a cikin kwamfuta ɗaya. Microsoft tana ba da Windows Server na gwaji kyauta na kwana 180, na sauko da shi da datar dare mai arha, na sauko da Ubuntu da CentOS 7, nau'o'in Linux ne, wato manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows. A ɗakin da nake jinyar Baba na ajiye ta, in ya yi barci kuma an yi sa'a akwai wuta sai in kunna. In NEPA suka ɗauke a tsakiyar aiki wani lokaci komai ya lalace in sake daga farko, kuma wannan sakewar ita ta zaunar min da abubuwan a kai.

A wannan ɗakin na fara gane dalilan abubuwan da na yi shekaru ina gyarawa da kashe ka kunna. Misali mutum ya ce ya kasa shiga kwamfutarsa alhali fasawod ɗinsa daidai ne. Ashe tsarin tantancewa na Active Directory, wanda ake kira Kerberos, in agogon kwamfutarka ya bambanta da na saba da fiye da minti 5 ba zai yarda da kai ba, kuma tsofaffin kwamfutocinmu ɗan batirin da ke riƙe agogo ya mutu. Ko kuma a ce intanet ya ɗauke, alhali layin lafiyarsa ƙalau, DNS ne ya tsaya, wato abin da yake juya sunan da ka rubuta zuwa lambar adireshin da kwamfuta take ganewa. Ko firinta ta ɓace yau ta dawo gobe, saboda DHCP yana canza mata adireshi tunda ba a ware mata nata na dindindin ba. Duk ranar da na gano irin wannan sai in ji kamar in tashi mutanen gida in faɗa musu. Na sayi littafi mai kauri ina rubuta komai da hannu, me na yi, me ya fito, me ya gyara shi. Baƙin allon nan da ya kunyata ni a Abuja na zauna da shi har ya zama shi na fi sakewa a ciki, na koyi karanta log, wato rahoton da kwamfuta ke ajiyewa na abin da ya faru a cikinta, na koyi izinin fayil, na koyi rubuta ɗan sikirif na bash, wato jerin umarni, in sa cron mai kula da lokaci ya riƙa tada shi da kansa.

Wani dare Baba ya farka ya ganni a gaban allon, lokacin maganarsa ba ta fita sosai, ya ce me kake ɗinkawa? Na ce Baba koyo nake. Ya ce to ka riƙa warwarewa kana sakewa, haka muka koya.

A ofis kuma na canza salo. Na daina roƙon a koya min saba, na fara neman aikin da kowa yake gudu. Na ce oga ku bar min lissafin kayan ofis, na zauna na rubuta kowace kwamfuta da lambarta da wanda ke amfani da ita da Windows ɗin da ke kanta, wanda ya yi amfani sosai da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, don ni kaɗai na san guda nawa suka rage. Na ce ku bar min duba bakof, wato kwafin bayanan da ake ajiyewa saboda ɓacin rana, kullum da safe in turo muku rahoto. Oga ya ji daɗi an sauke masa kaya, ya buɗe min asusun da zan iya kallo kawai ba zan iya taɓa komai ba. Da wannan ɗan asusun na fara leƙa cikin saba ta gaske.

Sai korona ta zo. A Afrilun 2020 aka sa dokar kulle a Kano, oga yana Legas hanya ta rufe, ga kamfani yana son akantoci su yi aiki daga gida a biya albashi. Manaja da kansa ya kira ni ya ce je ka karɓi makullin ɗakin saba a wajen maigadi. Ni da oga a waya, yana faɗa ina yi, wani wurin ma ina riga shi saboda na yi irinsa a gida, muka saita VPN, wato amintacciyar hanyar shiga netwok ɗin ofis daga nesa, a kan rautar MikroTik har mutane suka shiga daga gidajensu. Da muka gama ya yi shiru, ya ce kai a ina ka koyi wannan? Na ce a gida oga.

A cikin waɗannan makonnin ne, lokacin da dattawa suka yi ta rasuwa a Kano, Allah ya karɓi ran Baba. Ko zaman makoki na kirki ba a yi ba saboda dokar. Bai ga ranar da aka canza min muƙami ba, wannan abin har gobe yana min ciwo. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya jiƙan duk namu da suka rigamu.

Da aka dawo aiki ba a karɓe makullin ba, amma ba a ƙara min ko sisi ba, a takarda ina nan a IT sapot. Na yi aikin mutum biyu da albashin ɗaya tsawon lokaci, kuma ba zan ce muku hakan daidai ba ne, zalunci ne da ake yi wa yara da yawa a wannan fannin. Na zauna ne saboda na san abin da nake tarawa a kaina. Abin da na fi mayar da hankali a kai shi ne bakof. Na nemi izini in gwada dawo da shi a wata kwamfuta daban, sai muka tarar bayanan manhajar akanta da ake kwafa kullum ba sa buɗuwa, rahoto yana cewa komai lafiya amma fayil ɗin ba shi da amfani, kuma ba wanda ya taɓa gwadawa. Mutane da yawa suna ganin tunda saba tana da RAID, wato tsarin haɗa diski da yawa su riƙe bayanai tare, shikenan. RAID diski ɗaya in ya mutu zai riƙe ka, amma in aka goge fayil ko bairos ya kulle shi, duka diskokin lokaci ɗaya abin zai shafa. Na rubuta wa manaja takarda a sauƙaƙe na ce a bi ƙa'idar 3-2-1, kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wajen ginin. An ja ni sosai kafin a fitar da kuɗin.

A zafin 2021, kun san Kano a watan Afrilu ana haura digiri 40, AC ɗin ɗakin ya tsaya a ƙarshen mako, diski biyu suka tafi. Ranar Litinin ofis ya rikice, akanta ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ni ma cikina ya ɗuri ruwa, hannuna yana rawa, amma na buɗe littafina na bi matakan da na riga na gwada ɗaya bayan ɗaya, na kwana a ɗakin, kafin azahar ɗin washegari komai ya dawo sai aikin yini ɗaya kawai aka rasa. Bayan wannan ne aka ba ni takardar sistem admin. Na kai wa Umma na ce ga ribar jarinku. A shekarar aka ɗaura aurena da yarinyar nan da ta jira ni, Allah ya saka mata da iyayenta da alheri.

A 2022 na zana RHCSA, jarabawar sistem admin ta kamfanin Linux mai suna Red Hat. Na zaɓe ta ne saboda babu canki-canka a ciki, saba ake ba ka a ce yi kaza gyara kaza, kuma sai ka ci 210 cikin 300. Ɗaruruwan daloli ce, na daɗe ina tarawa, kuma Allah ya taimake ni na yi kafin naira ta faɗi a 2023. Ita ta buɗe min ƙofar inda nake aiki yanzu. Amma ina so ƙannena su ji wannan da kyau, a intabiyun da aka ɗauke ni kusan duk hirar a kan daren da diskin nan suka mutu aka yi ta, da kuma tsohuwar Dell ɗina, satifiket ɗin kallo ɗaya suka yi masa.

Kada kuma in bar ku da tunanin nan hutu ne. Wayata ba ta kwana a kashe. In janareta ya ƙi tashi ƙarfe biyun dare inbata ta fara kuka, ni za a kira. Ranar 14 ga Maris 2024 da kebulan ƙarƙashin teku suka yanke a gabar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka shiga wani hali, mutane suna tsaye a kaina suna cewa gyara mana, alhali matsalar tana can cikin teku, abin da kawai zan iya shi ne in karkata muhimman ayyuka zuwa layin da ya rage in yi wa kowa bayani da haƙuri, kuma wannan haƙurin a sapot na koye shi, shi ya sa ba na yarda a raina aikin a gabana. A shekarar kuma CentOS 7 ya kai ƙarshen tallafinsa a 30 ga Yuni, muka yi watanni muna kwashe sabobi zuwa Rocky Linux cikin dare da ranakun hutu, kuma da yake ba abin da ya tsaya ba wanda ya san ma an yi. A da in na gyara firinta har godiya ake min da lemo, yanzu in wata ya wuce ba wanda ya tuna da ni to aikin ya yi kyau. Na ɗau lokaci kafin zuciyata ta saba da haka.

Abin da ya fi nauyi kuma amana ce. Mai riƙe da saba yana iya ganin albashin kowa, imel ɗin kowa, har abin da mutum ya goge. An taɓa samun wani babba ya kira ni gefe ya ce in buɗe masa akwatin imel ɗin wata ma'aikaciya ba tare da kowa ya sani ba. Na ce yallaɓai ku yi haƙuri, sai da takarda daga shugabanni da ɓangaren ma'aikata, ga kuma dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023. Ya daina amsa gaisuwata na wani lokaci, na ji tsoron aikina sosai, na faɗa wa matata ta ce in an kore ka a kan wannan ai ba abin kunya ba ne. Ba a kore ni ba. Daga nan na fahimci wani ɓangare na dalilin tsohon ogana na riƙe makulli, duk da har yanzu ina ganin da ya koya min da wuri da babu abin da zai ragu a jikinsa.

Yanzu akwai yaro a ƙarƙashina yana sapot, ɗan Haɗeja ne, mai nutsuwa. Na haɗa masa tsohuwar saba da muka daina amfani da ita na sa mata Proxmox, manhajar gina kwamfutoci da yawa a cikin ɗaya kamar VirtualBox, na ce ɓata ta yadda kake so, duk Juma'a bayan masallaci muna zama ya nuna min abin da ya yi a satin, ni ma ina koyon Ansible, manhajar saita sabobi da yawa a lokaci guda, a gefensa. Satin da ya wuce wata ma'aikaciya ta goge fayil ɗin da ta yi wata guda tana haɗawa, ban tashi daga kujerata ba, shi ya dawo mata da shi daga bakof ya rubuta rahoton yadda ya yi. Na riga na tura wa manaja takarda a buɗe masa asusun admin a kan sabobi biyu daga wata mai zuwa, kuma na rubuta a ciki cewa in za a ƙara masa aiki a ƙara masa albashi tare.